Ruwan Randa a Tankin Kawu

A gidan Hajiya Bashira da ke wani lungu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da kunne ake duba sobiya, abin shan buɗa-baki. Ba a ɗanɗanawa, don sana'ar watan azumi ce, bakin kowa a rufe yake. In sha'ir da busasshen burodi sun jiƙa, an tace, an zuba sukari da kirfa da hel mai ƙamshi, sai Hajiya ta durƙusa ta kara kunne a jikin tukunya. In ta ji shiru, a fitar ƙofar gida a sayar. In kuwa ta ji wani ɗan sauti kamar ana raɗa, sai ta miƙe ta ce, "Ta fara magana." A take za a kwarara ta a kwata komai yawanta, don sobiyar da ta fara magana ta kama hanyar zama giya.

A bana ne ta bar wa 'yarta Luba haɗin a karon farko. Luba ba ta da surutu, ko mai saye ne ya yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai. Amma akwai abin da ya daɗe yana cinta. Duk sanda aka sayo kazuza, wato lemon kwalba, mai sanyi a kantin Abdulwahid, sai ta kai kwalbar kunnenta kafin ta sha. Kazuzar magana take yi sosai, fiye da kowace tukunya da aka taɓa zubarwa a gidansu. Ga shi kuma har limamin unguwa yana sha. To mene ne a cikinta? Me zai hana sobiya ta yi irin wannan tsikarin a harshe?

Ba ta tambayi kowa ba. Ta cika wata kwalba da sobiya, ta ƙara sukari, ta toshe bakin tam, ta ɓoye bayan randa. Zafin Jidda ya yi aikinsa. Ran nan bayan la'asar sai aka ji fam! Kaji suka watse, gilas ya tarwatse har bakin murhu, wani tsami mai hawa kai ya cika tsakar gida.

Hajiya ta sunsuna sau ɗaya, fuskarta ta canza.

"A gidana, Luba? A cikin azumi?"

"Umma, so nake in ga ko..."

"Halas, an gama. Hannunki ya fita daga tukunyata. Gobe zan kira Zakiya ta gidan Salihu ta karɓi haɗin."

Luba ta share gilas ɗin. Tun tana ƙarama take riƙe wa uwarta ƙyallen tata, tana jiran ranar da tukunyar za ta zama tata.

Da magariba ƙanin Hajiya, Rafi'u, ya zo shan ruwa. A unguwar Khumra yake aiki, a wurin da ake gyara injinan masu yin kazuza. Da aka ba shi labari ya yi dariya har ya ƙware da dabino.

"Yaya, ashe kin buɗe masana'anta ba ki gayyace ni ba?"

"Ka ci gaba da dariya, Rafi'u. Kai ma kanka ba cikakke ba ne."

Sai da Hajiya ta shiga ɗaki salla Luba ta matso, tana murza bakin mayafinta.

"Kawu, ta kanti me ya sa ba ta zama giya?"

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya ce kumfa iri biyu ce. Akwai wadda ke tasowa daga ciki in abu mai zaƙi ya daɗe a zafi ya fara ruɓa, ita ce ta fasa mata kwalba. Akwai kuma wadda ake turawa daga waje, iska ce kawai da ake ɗurawa a tukunyar ƙarfe.

"Iska tana shiga ruwa ta zauna?"

"In ruwan ya yi sanyi. In da ɗumi, sai ta ƙi."

"Don me?"

"Wallahi ya binti, 'yata, wannan ban sani ba. Na dai ga haka take yi."

Washegari da hantsi tasi ta sauke Rafi'u a bakin lungu, da wani dogon tanki na farin ƙarfe a kafaɗa da ƙaramar tukunyar gas a hannu. Tsohon tanki ne da aka daina aiki da shi, maigidansa ya ce ya ɗauka. Zakiya ta riga ta zo, tana tace sobiya a inda Luba ta saba zama.

Hajiya ta tsaya da hannu a ƙugu. "Me ka kawo min, bam?"

"Kazuza na kawo miki, Yaya."

"Ko ɗigon sobiyata ba zai shiga wannan abin ba."

Rafi'u bai kula ta ba. Ya sa Luba ta wanke cikin tankin da ruwan zafi har ƙamshin tsohon lemo ya fita. Ya nuna mata zoben roba da ke bakin murfi, ya ce in ya goce duk iskar za ta gudu. Ya haɗa bututu daga tukunyar gas, ya ce ta shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. A wuri ɗaya sabulun ya yi ta hura ƙananan ƙwai. Luba ta zuba ido.

"Nan take fita?"

"Nan ne. Ɗaure shi."

Ta ɗaure, ƙwan suka daina. Daɗi ya kama ta. Amma tankin fanko ne, kuma Umma ta riga ta yanke magana. Luba ta dubi randa, ta dubi uwarta. Sai ta matsa kusa da ita.

"Umma, ruwa yana zama giya?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"In ba ya zama, a zuba ruwa. Ke za ki zuba da hannunki."

Zakiya ta daina tata. Hajiya ta dubi tankin. Ita ma fa mai son ganin ƙwaƙwaf ce, ba ta dai so a sani. Ta ɗauki moɗa ta shiga kamfatar ruwan randa tana zubawa, har Rafi'u ya ce ta bar wa iska wuri a sama. Ta kara kunne a jikin ƙarfen.

"Shiru," in ji ta. "Ku shaida."

Aka sayo dutsen ƙanƙara, aka farfasa a baho, aka kwantar da tankin a ciki aka rufa da buhu. Sai da ƙarfen ya yi raɓa, taɓa shi na sa yatsa ciwo, sannan Rafi'u ya ce Luba ta buɗe gas a hankali tana kallon allurar agogon da ke kan tukunyar gas. Ta murɗa. Allura ta motsa, tankin ya yi wani gurnani daga ciki. Ya ce ta saki iskar farko ta fita, ta sake buɗewa, sannan ta yi ta mirgina shi gaba da baya. Ta yi ta yi har hannuwanta suka mutu da sanyi. Duk mirginawa tana jin ruwan yana haɗiyar iska, ƙul-ƙul, har ya zo ya daina.

"Ya ƙoshi," in ji Rafi'u. "Saura a sha."

Ba mai iya sha. Haka suka zauna suna kallon baho, Hajiya tana jan carbi tana satar kallonsa, har inuwa ta cinye tsakar gida.

Da igwar shan ruwa ta tashi, kowa ya jefa dabino a baki. Rafi'u ya ce, "Yalla, ku ga aikin gwani," ya danna famfon tankin bai rage gas ba. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa fuska da farar jallabiya. Zakiya ta faɗi kan tabarma don dariya.

"Gwani ya yi alwala," in ji Hajiya.

Luba ce ta rufe gas, ta rage iskar kamar yadda ya nuna mata da rana, ta karkata kofi ta tsiyaya a hankali. Ta miƙa wa uwarta da hannu biyu.

Hajiya ba ta sha ba tukuna. Ta kai kofin kunne. Ruwan da ta ɗebo da hannunta yana ta raɗa. Ta sunsuna, ba tsami, ba komai. Ta yi bisimilla ta kurɓa. Idonta ya kawo ruwa, gyatsa ta ƙwace mata ta hanci.

"La ilaha illallahu! Ruwan randata ne wannan?"

Ta sake kurɓa. Ta daɗe tana kallon ƙwayoyin da ke hawowa daga gindin kofin.

"Ni zan fara saurara kafin a zuba sobiya a tankin nan," ta ce. "In na ji shiru, ki sa a ƙarfenki. Abin da ya rage kuma ba zai kwana a ciki ba."

"To, Umma."

"To me kike jira? Sha'ir ɗin gobe zai jiƙa kansa ne?"

Luba ta tashi da sauri ta nufi buhun sha'ir. Da ta waiwayo, Umma ta miƙa wa Rafi'u kofin ya ƙaro mata, tana gargaɗinsa kada ya jiƙa ta yadda ya jiƙa kansa.