Baƙar Ƙasa a Bayan Kunnen Dastgir

Shekara talatin da biyu ina yi wa 'yan kokawa tausa a gidan Ustad Miraj, malamin kokawa, nan garin Gujranwala, kuma hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba. Jikin da ya huta, kana danna shi za ka ji ya saki kamar kwaɓin fulawa. Wanda bai huta ba kuwa sai ka ce taya kake dannawa.

Mu ranar Alhamis ba a shiga ramin kokawa. Tun Laraba da yamma ake kafce ƙasar, a zuba mata kurkum da mai, a ja gungume a baje ta, a ƙyale ta. Ƙasa ta huta, mutum ma ya huta. Duk wanda Ustad ya kama ko da gudu yake yi ranar, ya san sauran.

To, wata Juma'a da safe na kwantar da Dastgir, gwaninmu da zai kara da Jabbar na gidan Ustad Karamat nan da mako shida. Ina ɗora hannu a kafaɗarsa na ji ta ƙam.

"Jiya me ka yi?" na ce.

"Barci, Chacha," ya ce, wato baffa, yadda yaran ke kirana. "Barci kawai. Na ci, na sha, na miƙe ƙafa."

"Da dutse a ka ka yi barcin?"

Ya yi dariya, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Juma'ar da ta biyo, ina murza masa wuya sai yatsana ya kankaro wani abu a bayan kunnensa. Ƙasa ce busasshiya, baƙa ƙirin. Ƙasarmu ja ce mai ratsin kurkum, kuma rami ɗaya na sani mai baƙar ƙasa a garin nan: na Karamat, can ƙetaren gada.

Wanda Ustad ya naɗa wa rawani da hannunsa, in ya taka ramin wani, shi ke nan. Za a karɓe rawanin, kuma babu gidan da zai sake buɗe masa ƙofa. Dastgir kuwa ban da kokawa bai iya komai ba, ko ɓaunar da muke kiwo a nan kamar saniya bai iya tatsa da kyau ba.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa musu ba. Daga ranar komai nasa ya zame mini shaida. Na ga wani ɗan gidan Karamat ya gaishe shi a wajen mai shayi, na ce ka ji. Ya bar madarar almon ɗinsa, abin shan 'yan kokawa, rabi bai shanye ba, na ce can ya ƙoshi. Haushi ya hana ni sakat, don tun yana siriri kamar sanda nake murza jikin nan.

Alhamis ta uku, hantsi na dubawa, na hau kekena na bi shi daga nesa. Ya miƙi hanyar gada. Ina tafe ina tsine masa a zuci. Amma kafin gada sai ya kauce, ya shige garken ɓaunayen kawunsa. Na jingine keke na leƙa ta katanga.

Rami ya haƙa wa kansa a bayan garken, ƙasar baƙar laka ce mai tauri, ba mai ba komai. Yana ciki shi kaɗai da buhun yashi, yana ɗagawa yana makawa, gumi na zuba.

"Kai! Wannan ne barcin?"

Ya saki buhun ya zo ya kama gwiwoyina. "Chacha, don Allah kar Ustad ya sani. Jabbar ya fi ni kilo sha biyu. Duk Alhamis in na kwanta, shi nake gani yana motsa jiki ni ina kwance kamar mai jego. Ba na iya zama, wallahi."

"Ba wajen Karamat kake zuwa ba?"

Ya zaro ido. "Ni? Haba Chacha!"

Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Cin amana na zo nema ban samu ba, sai na ɗauka babu wani laifi kuma. Na ja masa kunne sama-sama, na ce ya dinga wanke bayan kunnensa, na yi masa alkawarin yin shiru. Duk Juma'ar da ta biyo bayan nan kafaɗar tana ƙara tauri a hannuna, sai in ƙara mai in ci gaba.

Ranar kokawa fili ya cika maƙil, ganguna na tashi. Da farko Dastgir ya wahalar da Jabbar, mutanenmu har sun fara ihu. Can sai na ga ƙafafun Dastgir sun yi nauyi, numfashinsa ya gajarce tun ba a je ko'ina ba. Jabbar ya kama masa hannun dama ya murɗa, irin kamun da Dastgir ya saba zamewa ido rufe. Ƙarar da kafaɗar ta yi har inda nake tsaye na ji ta.

A asibiti likita ya nuna mana hoto, ya ce jijiyar ta daɗe tana tsagewa kaɗan-kaɗan, yau ce ta ƙarasa. Zai ci abinci da hannun, amma kokawa kam sai dai kallo.

Da muka fito baranda Ustad ya juyo ya dube ni.

"Nazir, hannunka bai ji ba?"

"Ya ji, Ustad."

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa komai, har da zargin da na yi da daɗin da na ji a bayan garke.

"Da ma wajen Karamat ɗin yake zuwa," ya ce. "Da na kore shi da kafaɗarsa lafiya."