Sifilin Mai Giris

Shekara ashirin da biyu Mai Giris ya yi yana kula da injinan kamfanin bokitin roba, ba a taɓa jin ɗayansu ya yini a tsaye ba. Kafin ma'aikata su iso ya riga ya zagaye su, ya kasa kunne, ya ɗaure kusar da ta saki, ya shafa giris inda ya bushe. A nan ya samo sunan.

Sai aka kawo sabon manaja, shi da allonsa. Ya sa aka kafe allon a bakin ƙofa, kowa da layinsa: mai inji da yawan bokitin da ya buga, bakanike da yawan injin da ya tsaya ya tayar. Duk wanda ya yi wata uku a ƙasan allon, ya nemi wani wurin.

Wata biyu Mai Giris na ƙasa. Sifili. Bakaniken ɗaya zauren kuwa, wanda injinansa ba sa cika mako lafiya, gyara goma sha huɗu gare shi, har ana tafa masa.

"Ranka ya daɗe, ai rigakafi ya fi magani," in ji Mai Giris.

"Baba, ni ba na auna abin da bai faru ba," manaja ya ce. "Kawo mini lamba."

Dogo, ƙanin matar Mai Giris, shi ke kan inji na huɗu, kuma bakinsa ba ya shiru. "Yaya, bar su su ɗan yi tari mana! Likitan da garinsu babu mara lafiya ai yunwa ce ajalinsa."

Mai Giris bai yi dariya ba. Baki takwas yake ciyarwa, kuma wa zai ɗauki mai furfura aiki? In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Ya tura gwangwanin giris ƙarƙashin benci.

Injin da aka yi wa rowar mai ba ya ɓoye fushinsa. Na biyu ya tsaya, ya tayar. Na shida ya ƙone bel, ya sauya. Lambarsa a allo ta fara hawa: uku, biyar, takwas. Manaja ya fara gaishe shi da hannu biyu.

Wata ranar Laraba Mai Giris ya ji sakatar inji na huɗu tana ƙas-ƙas, wadda ke riƙe bakin injin a buɗe har mai aiki ya zaro bokiti. Kusa ɗaya ce, aikin minti biyu. Amma ɗaure kusa ba ya hawa allo. Ya taɓa sifana a aljihunsa, ya wuce.

Kafin a tashi cin abinci injin ya rufe da hannun Dogo a ciki.

Mai Giris ne ya kwance bakin injin, shi ya wanke shi, shi ya tayar da shi. Manaja ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sannan ya goge takwas ya rubuta tara.

A asibiti Mai Giris ya tarar da matarsa, yayar Dogo, zaune bakin gado, ba ta ɗago ba. Dogo na kwance, hannun dama a naɗe, naɗin ya ƙare a wuyan hannu.

"Yaya," ya ce, muryarsa a dushe, "na ji sakatar nan tun safe. Na ce ai kai ma ka ji."

Ya ɗago ido ya kalli Mai Giris.

"Ka dai fita daga ƙasan allo?"

"Na fita."

Dogo ya juya fuskarsa wajen bango.