Gishirin da Ke Tankin Ustaz Mirgani

...ranar ce ta ɓace mini, Awatif. Talata ko Laraba? Na san dai kifi uku na tsamo daga tankin gilashin nan da hannuna. Yau ga na huɗu, mai ruwan ɗorawar, yana kwance a gefe yana haki. Murjanin tekun da kika fi so a cikin tankin ya yi fari fat.

Zafi ne? Garinmu Bur Sudan kullum cikin zafi yake, ba su mutu bara ba. Wuta ta ɗauke? Injin iskar yana ta gurnani. Tsaya... na ba su abinci? Sau biyu? Ban ba su ba?

Turaren wutar Tahani. 'Yarmu ta cika ɗakin da hayaƙi ranar Juma'a, na ɗora mata laifi. Ta yi dariya. "Haba Baba, turarena ko sauro bai kora ba. Kai dai in ka sake barin shayi a wuta ka fita, Atbara zan tattara ka." Gidanta na Atbara — babu teku, babu wurin tanki. Da wasa ta faɗa. Idonta bai yi wasa ba.

Shekara talatin ina gaban allo ina ce wa ɗalibai: ruwa na tashi sama, gishiri na zama ƙasa. In tanki ya ragu, da ruwan daɗi ake cikawa, kada a kuskura a ƙara na teku. Da kike raye ke ce kikan tuna mini... kullum da safe ina cika shi har layin. Wannan kam na tabbata. Da me?

Ina ma'aunin gishirin? Cikin gwangwanin kofi, wa ya sa shi nan? Na tsoma. Allurar ta wuce inda ya kamata, ta wuce sosai. Ma'aunin ya tsufa, shi ke nan. Na sake tsomawa.

Mahaifiyata a bakin randa, jakin mai ruwa bai zo ba kwana biyu, ta buge mini hannu don na wanke ƙafa da ruwan sha. "Ruwan daɗi na maƙogwaro ne, ja'iri. Ga teku can." Ina shekara shida. Muryarta tana kunnena tar, amma abin da na yi jiya da safe...

Jarka biyu ne a bayan ƙofa. Ohaj masunci ke kawo mini ta teku. Na kira shi ɗazu, ko ban kira ba? Na kira. "Ustaz, lafiya? Sau huɗu ka aiko a makon nan, ko wanka kake da shi?"

Na ɗaga jarkar tekun, fayau. Na kama ta ruwan daɗin, ta ƙi tasowa. Cike take, murfinta ma ban taɓa kwancewa ba.

Tahani za ta zo bayan la'asar. Za ta tambaya ko turaren ne.