Abin da Ya Faɗa Injin Kwaɓa

Tun da Injiniya ta gama karatu Kawu yake mata gori: ba ta taɓa tsinana wa gidan burodinsa komai ba, sai aike kullum safe a karɓo wa 'yarta mai zafi. To, da ya kafa kyamara a ɗakin gashi, sai ga ta da kwamfuta. So yake manhaja ta riƙa bin kowane burodi daga tanda har leda, gobe in duba-gari sun zo a nuna musu a babban allo, su san nan ba wajen wasa ba ne.

Hanya biyu ta zo da su. Ta farko an koya mata siffar burodi, shi kaɗai take gani, ko jaki ya gifta ba ruwanta. Ta biyu ba ta san sunan komai ba. Ɗakin take haddacewa yadda yake, duk abin da ya motsa ta zagaye shi da koren akwati ta bi shi.

Ta farko ta yi aikinta lafiya lau. Da ta ɗora ta biyu a kan bidiyon jiya da la'asar, allo ya cika da ƙananan akwatuna kamar an watsa shinkafa. Ta ɗauka manhajar ce ta rikice, ta ƙara girman hoton. Kyankyasai ne. A bango, a bakin buhunan fulawa, har cikin tiren da ake jera kwaɓi.

Sai ga wani akwati babba, da wutsiya. Ya bi gefen injin kwaɓa a natse kamar gidan ubansa, ya zame, ya faɗa ciki. Mai kwaɓa ya shigo yana waya, ya danna maɓalli. Ta zuba ido tana jiran akwatin ya fito. Bai fito ba.

"Kawu, zo ka gani."

Kawu ya kalla har ƙarshe yana sakace haƙori. "Wannan ta cika surutu. Sa ta farkon. Burodi na ce a bi min, ba baƙi ba."

"Ɓera ne fa, Kawu!"

"Ke 'yar nan, tanda wuta ce, babu abin da take bari."

Ƙyamar da ta ji ta mutumin har ta fi ta ɓeran. Ashe ba yau ya sani ba.

"Yaushe aka gasa wannan kwaɓin?"

"Yau da safe, shi ne fitar fari. Ni da kaina na zaɓar wa jikata mai laushi."

Nan take ta kira gida. "Umma, burodin nan, kar a ba ta."

"Wane burodi? Ai ta tashi da shi tas, har tana kukan ƙari."

Injiniya ta ajiye wayar. Ta jona hanya ta biyu a babban allo, ta kulle da lambar sirri, korayen akwatuna suka fara yawo a kan allon.

"Ni za ki tona wa asiri? Ni ƙanin uwarki?"

Ta buɗe baki ta ba shi amsa, amai ya riga ta.