Allon da Bai San Hannun Masunta Ba

Kamfanin ya ɗauke ni gwaji na wata uku, ba don diflomata kaɗai ba, har da cewa ni jikan masunta ne daga Yelwa. Sun ƙera manhajar da ke tafiyar da wata ƙaramar kwamfuta marar maɓallai, wadda taɓa allonta kawai ake yi da yatsa, suka raɗa mata suna Gulbi. A jikin kwalin akwai hoton masunci yana murmushi cikin kwalekwale. Madam Blessing, shugabar sashen talla, ta gaya mini a waya cewa masuntan tafkin Kainji ne kasuwarsu, domin za su riƙa ganin yanayin iska da farashin kifi. Idan suka karɓa, aikina ya tabbata. Idan suka ƙi, kamfanin ba shi da abin yi a Yauri.

Mako bakwai na yi ina yawo daga Yelwa zuwa Shanga, daga Shanga zuwa Wara, a kan babur da cikin jirgin ruwa, har ƙafafuna suka fara kumbura. Duk mashigin da na je, nakan durƙusa gaban dattawa, in riƙe na'urar da hannu biyu, in taɓa musu duk abin da suke son gani. A gidanmu ba a miƙa wa babba aiki alhali ƙarami yana tsaye. Su kuma sukan ce madalla, su sa mini albarka. Kowace Juma'a ina rubuta wa Madam cewa jama'a sun yi na'am.

A Wara ne wani tsohon masunci, Baba Ɗangana, wanda ya yi sana'ar su tare da kakana, ya ce in daina yi masa kamar makaho, in ba shi ya gwada da kansa. Ya taɓa allon, bai motsa ba. Na ce wataƙila jiƙa ce. Ya goge hannu a rigarsa, ya sake taɓawa, ya danna da ƙarfi har na ji tsoron gilashin.

"Sufyanu, wanga abin naku bai san ni ba," in ji shi. "Ko sai an yi mai sallama?"

Mutanen da ke gyaran komar kamun kifi suka yi dariya, suka taso ɗaya bayan ɗaya. Cikin su tara, biyu kawai allon ya amsa wa, su ma sai da suka yi ta maimaitawa. Igiya da ruwa sun mayar da fatar yatsunsu kamar ƙirgi. Barakatu mai bandar kifi ta gwada, ya buɗe mata, amma maiƙo ya rufe rubutun, ta ce ita ba ta da lokacin wanke hannu duk sanda za ta tambayi farashi.

Kwana biyu na yi ina rubuta rahoton ina gogewa. Na san zan iya ci gaba da taɓa musu har wata ukun ya cika, ba wanda zai sani kafin a kawo kaya. Amma da an kawo, a hannun waɗannan mutanen na'urorin za su mutu, kuma ƙofar gidanmu za a zo. A ƙarshe na rubuta abin da na gani, na kuma bayyana cewa rahotannin baya kuskurena ne.

Madam ta kira ni ranar Litinin. Ba ta yi faɗa ba, da alama ita ma ta gaji. Ta ce za a sauya hoton kwalin, a karkata ga malaman makaranta da masu shaguna a Birnin Kebbi, kuma can suna da wakili tuni. Na tambaye ta ko akwai wani gurbi.

"Malam Sufyanu, ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce. "Ka aiko da na'urorin a motar Laraba."

Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe cajojin, na zuba su a kwali, na rubuta lambar wayarta a jikinsa. A tasha direban ya tambaye ni ko akwai abin da zai iya fashewa a ciki, irin su gilashi. Na ce masa e, ya sa shi a gaba.