Tukunyar Tsamin Abuk

"To wannan wace irin ƙuri'a ce, a raba ƙasa ba a tambayi mutum ba?" in ji Sittana, tana shafa ƙullun kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, a kan tanda. "Ni ba 'yar Sudan ba ce?"

Abuk maƙwabciyarta, 'yar Kudu, na tsaye a 'yar ƙofar da ke jikin katangar tsakaninsu, tana gyara mayafi. "Hajja, ta 'yan Kudu ce kaɗai. Ko an ba ki ma, juye takardar za ki yi."

"Ji min 'yar rainin wayo. Ai zane ne. Hannu biyu a haɗe, mu zauna tare. Hannu ɗaya a ɗage, sai wata rana. Ki dangwala wa biyun, uwar Majok, ki dawo mu sha gahawa."

Abuk ta yi dariya ta tafi.

Shekara goma sha tara ke nan a unguwar Umbadda, a Arewacin Sudan, suna haka. Kullum Abuk kan miƙo mata ludayi guda na tsamin ƙullu ta wannan ƙofa, don na Sittana ba ya tashi. Mijin Sittana ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen mazajensu, ɗanta yana Jidda. In ka cire kiran salla da rediyo, muryar Abuk ce kawai ke shigowa gidan.

Sittana ta gama kisra, ta yi walaha, ta soya gahawa ta daka da citta. Ta jera kofi biyu. Gahawar ta huce, ta ɗumama, ta sake hucewa.

Sai bayan azahar ƙofar ta buɗe. Yatsan Abuk shuɗi da tawada. A hannunta ba ludayi ba ne, tukunyar tsamin ce ɗungurungum. Ta ajiye a gindin tanda.

"Ki riƙa ƙara mata gari duk kwana biyu. Kada ki bar ta a rana," in ji Abuk. "Za mu koma gida. Majok ya samo mana wuri a jirgin ruwan da ke tashi daga Kosti zuwa Kudu."

Sittana ta dubi tukunyar, ba ta tambayi inda yatsan ya sauka ba. Ta zuba gahawa, ta tura mata kofi.

"Allah ya kai ku lafiya," ta ce. Can ta ƙara, "Amma ai a hannuna mutuwa za ta yi, kin sani. Ki bari sai bayan azumi mana, ki koya min tukuna."

Abuk ta riƙe kofin da hannu biyu, tana hura shi.