Haƙorin Hajiya Yalwa da Mutum Dubu Huɗu

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a tabarma, sai na yi wani mafarki da har yanzu gwiwoyina ba su yafe mini ba.

Bari ku ji abin da na kwanta da shi a ciki. Da safe a gidan suna, haƙorin Makka na Hajiya Yalwa ya suɓuce ya faɗa kofin kunu. Da ta tsamo shi na ga bayansa da idona, kore shar kamar tsohon kwabo. Shekara tara tana washe mana shi wai zinare ne. Mu biyu muka gani, ni da Kuluwa mai daddawa, ita kuwa Kuluwa in labari ya shiga bakinta ya zama nata. Na ce bari in ɗan miƙe baya, kafin la'asar in zaga unguwa in riga ta.

Sai ga ni a cikin shafin intanet. Na gane wurin ne saboda aikin surukata Rumasa'u ke nan, tana zana abubuwa a kwamfuta, in ka taɓa su da yatsa su motsa. Garin fari fat, ba inuwa ba kujera. Bidiyo yana gudana a kwata kamar ruwan wanki, mata na ɗiba a bokiti. Wata ta leƙa nata ta ce na yau duk talla ne, sai an tace.

Na shiga wani ofis. Bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau, yana taunar wayar caja.

"Iya Ladingo? Kin makara. Tun ɗazu muke jira mu ɗora ki."

"A kan me, ɗan nan?"

"A kan shafi. Miƙo gwiwa."

Ya ɗaura mini zare a gwiwa, a hanci, a kafaɗa. Ya ce in an taɓa hancina zan yi atishawa, in an taɓa kafaɗa zan waiwaya, in an ja yatsa zanena zai canza launi. Ya gwada. Atamfata ta koma ruwan goro, ta koma shuɗi, ta koma irin ankon da na ƙi saya bara.

Na ce, "Ni fa zama nake so."

Ya ce, "Mai zama ba a kallonsa."

"To ina da labari, kuma da zafinsa."

"Madalla. Kai tsaye za mu sa ki, duniya ta ji."

Sai ga ni tsaye a cikin wata taga, an rataya lamba a saman kaina mai nuna yawan masu kallo. Ɗaya. Wata mata ce ta yi sallama. Na amsa. Ina wuni, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya muka ji da zafin nan. Muka gama lafiya lau. Na gyara ɗankwali na ce, "Kin dai san Hajiya Yalwa ta bayan masallaci..."

Ƙiling! Lamba ta koma biyu. Wani dattijo ne. Gwiwata ta durƙusa da kanta, na ɗauko gaisuwa daga farko. Kafin in kai ya iyali, ƙiling, uku. Ƙiling, goma sha ɗaya.

Da aka kai ɗari bakwai aka fara ruwa. Daga ƙasa yake tashi zuwa sama, kuma ba ruwa ba ne, 'yan jajayen zukata ne, suna shigar mini ƙasan zane suna fita ta wuyan riga. Wani marar aikin yi a can wata ƙasa ya gano hancina. Ina wuni, atishawa. Ya gida, atishawa. Jama'a suna rubuto mini yarhamukillah, ina amsa wa kowa.

Bunsuru ya leƙo ta gefen taga ya nuna mini wani maɓalli kusa da ƙafata.

"Iya, taka wannan. Tsallake gaisuwa ake ce masa. Kowa da shi yake aiki."

"Ni? 'Yar Malam Barau? Shekara saba'in da ɗoriya ban taɓa wuce mutum ba gaisuwa. Ko wadda muke gaba da ita sai na gaishe ta kafin in harare ta."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma taunar cajarsa.

Na waiwaya, ba don ina so ba, wani ne ya taɓa kafaɗata. A tagar maƙwabta sai ga Kuluwa, ita ma kai tsaye. Tana gaisuwa, amma irin ta marowata: ina wuni, lafiya, shi ke nan. Ta yanke ya yara, ta yanke ya gajiya. Ina ji da kunnena har ta kai wurin da aka kawo kunu.

Na ƙara sauri. Wata ta rubuto, "Iya, ba ki tambayi jikin mahaifiyata ba." Na koma baya na tambaya. Ashe ciwon ya daɗe, sai da ta ba ni tarihinsa tun daga damina.

A mutum na dubu uku sai ga maigidana, Malam, wanda ya rasu shekara goma sha biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ya kwanciya.

Ya ce, "Ladingo, har yanzu ba ki daina ba?"

Na ce, "Malam, ai ban ma fara ba."

Dubu huɗu. Bakina ya bushe, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A labarin Kuluwa, har Hajiya ta sa hannu a kofi. Na dubi maɓallin nan, na nemi gafarar iyayena, na taka.

Tsit. Mutum dubu huɗu suka zuba mini ido. Na buɗe baki iya buɗewa na ce, "Haƙorin..."

Sai wani ɗan zobe ya fito a kan hancina yana juyawa. Na daskare, baki a wangale, gwiwa ɗaya a lanƙwashe. Bunsuru ya ce sabis ne ya ɗauke, in yi haƙuri, hoton dai yana fita tar.

Yana fita kuwa. Wani ya rubuto, "Ashe labarin haƙorinta ne." Wata ta ce, "Ku matso da hoton. Uku ne suka rage mata." Wani ya ce huɗu, akwai guntu a ciki can. Suka yi ta gardama a kan bakina har suka gaji, suka yi ɗango zuwa tagar Kuluwa, ko sallama babu. Lamba ta dawo ɗaya. Malam ne. Shi ma ya ce bari ya leƙa ya dawo.

Zoben na ta juyawa, yana ƙara, girrr, girrr.

Na buɗe ido. Wayata ce ke rawa a cikin kwanon silba inda nake ajiye ta. Rana ta yi sanyi, la'asar ta wuce. Na ɗauka.

"Iya Ladingo, ina wuni? Ya gajiyar suna? Ya ƙafa?"

"Kuluwa, gida nawa kika shiga?"

"Goma sha bakwai kacal, kin san gaisuwa da cin lokaci. Amma na rage miki ɗaya, kar ki ce ban yi zumunci ba."

"Wanne?"

"Gidan Hajiya Yalwa."

Na mayar da wayar cikin kwano, na rufe da faifai, na juya ɗaya gefen.